Zaren Awon Ƙafar Uwata

Sana'ata ɗinkin takalma. Na fi shekara ashirin ina auna ƙafafun mutane, amma da aka tashi yi mini ƙarya a cikin gidana, da zaren awona aka yi ta.

'Ya'yana biyu ne, duka mata. Babbar ina kiranta Uwata, domin sunan mahaifiyata ta ci. Ƙaramar kuwa kowa Auta yake ce mata. Uwata tana da tundurmi a ƙafar hagu tun tana 'yar shekara goma sha biyar, yanzu ta kai ashirin da huɗu. Ƙafar ta kumbura tun daga gwiwa har yatsu, ta yi nauyi, ta yi ninki biyu a idon sawu. Ko ta sunkuya hannunta ba ya kaiwa ƙarƙashin ninkin.

Nas ɗin da ke duba ta ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce, "Malam, kumburin nan ya zo zama. Fatar za mu ceta. A wanke kullum da sabulu, a tsane kowane lungu har tsakanin yatsu, a shafa mai, a ɗaga ƙafar in tana hutawa, kada ta taka ƙasa babu takalmi. In aka bar damshi a ninkin nan fatar za ta tsage, zazzaɓi ya biyo baya. Kowane zazzaɓi kuma sai ya bar fatar ta ƙara kauri. Ranar da ta yi tauri ta fitar da ƙuraje, to ba ta komawa yadda take."

Tun daga ranar, kafin in fita rumfata, nakan ɗauko shuɗin baho in zauna a gabanta in wanke ƙafar da hannuna. Takalminta ma ni nake ɗinkawa, domin babu kasuwar da za a sami irinsa. Duk wata ina ɗaukar zare in zagaya bayan ƙafar, in ƙulla, in zagaya idon sawu, in ƙulla, in zagaya ƙwauri, in ƙulla. Zare ɗaya, ƙulli uku. Sai in rataye shi a ƙusar da ke bayan ƙofa, in gwada da na watan jiya.

Da wannan fatar take cin abinci. Kitso take yi a wata rumfa a bakin layinmu, kuma mai kitso a tsakanin ƙafafunta ake zama. Muddin ƙafar tana da tsabta, babu wari, mata suna layi a kanta, domin hannunta ba ya zafi. Auta ma a wurinta ta koyi kitson, tana zama a gefe tana jiran wanda ya gaji da layi.

Na sha jin maganganu da safe, amma na ɗauke su wasa.

"Sarauniya an tashi lafiya?" in ji Auta, tana wucewa da bokiti. "Ga bafadanki ya durƙusa."

"Ke Auta, ki kiyaye ni," Uwata takan ce tana dariya.

Mahaifiyarsu ma takan jefo tata daga bakin kicin. "Malam, ni shekara ashirin da shida a gidan nan, ko faso ban ga ka taɓa duba mini ba. Ko sai na kumbura?"

"Allah ya tsare ki," nakan ce, kaina a sunkuye, ina tsane tsakanin yatsu.

Sai aka kira ni aiki a wata masana'antar takalman 'yan makaranta, a wani gari mai tafiyar yini guda. Wata uku za a yi. Na daɗe ina neman irinsa. Kwana biyu kafin in tafi na zaunar da Auta na nuna mata komai. Na ba ta tawul biyu masu laushi, na ba ta ƙunshin zare. Na auna ƙafar na ƙulla zare biyu iri ɗaya, na rataye ɗaya a ƙusa, na sa ɗaya a jakata.

"Duk ƙarshen wata ki auna, ki ba direban motar kaya ya kawo mini. Takalminta ya kusa mutuwa, a can zan ɗinka sabo, suna da fata mai kyau."

"To, Baba."

"Tsakanin yatsun nan fa, Auta. Nan ne abin yake farawa."

"Na ji, Baba. Sau huɗu ke nan kana faɗa."

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba. Daga baya na tsince shi, wani daga bakin maƙwabciyarmu mai wankau, wani daga bakin Uwata, da ƙyar.

Makon farko Auta ta yi wankin, amma a tsaye take yinsa, ta kwara ruwa, ta goga sabulu sama-sama, ta jefa mata tawul.

"Ki tsane da kanki, ai hannunki lafiya lau yake."

"Ba ya kaiwa ƙasan ne, Auta."

"To iska ta busar. Ni ba Baba ba ce."

A mako na biyu aka jiƙa kayan wanki a shuɗin bahon, suka kwana biyu a ciki. Uwata ta yi wa mahaifiyarta magana. Mahaifiyar ta ce mata, "Baho nawa gare mu a gidan? Kwana biyu ba a wanke ƙafa ba ai ba mutuwa ba ce. Mahaifinki ne ya sangarta ki."

Damina ta sauka. Maɗaurin tsohon takalmin ya tsinke a tsakar gida. Uwata ta roƙi Auta ta kai wa abokin sana'ata da ke kusa da rumfata ya ɗinke.

"In ɗauki wannan kwale-kwalen in ratsa kasuwa da shi? Wallahi ba da ni ba."

Uwata ta ɗaure shi da tsumma, ya yi kwana uku ya rabu biyu. Daga nan ƙafa ba takalmi take zuwa banɗaki, ta cikin ruwan da ke kwanciya a tsakar gida. Tsakanin yatsun ya yi fari, ya tsage. Wata ranar da hantsi tana cikin yi wa wata mata kitso sai sanyi ya rufe ta, haƙoranta suna kaɗawa, ƙafar ta yi ja ta ɗauki zafi kamar garwashi. Auta ce ta ƙarasa kan. Matar ta duba madubi ta ce, "Ashe ke ma kin iya." Maƙwabciya ta ce ranar Auta ta dawo gida tana waƙa.

Kwana biyar Uwata ta yi a kwance. Aka sayo mata ƙwayar zazzaɓi a kemis, ba a kai ta wurin nas ba. Da maƙwabciya ta tambaya, mahaifiyarsu ta ce, "Wa zai ɗauke ta? Kin san nauyin ƙafar nan? Kuma an saba, yakan zo ya wuce."

Da zazzaɓin ya sauka, fatar ta saɓule, sabuwar da ta fito ta fi ta da kauri. Ninkin idon sawu ya fara tsattsafo da ruwa. Uwata ta lallaɓa ta koma rumfa. Mace ta farko ta zauna a tsakanin ƙafafunta, ba a gama layi biyu ba ta fara rufe hanci da gefen mayafi. Can ta ce, "Yaya, ki huta abinki, bari Auta ta yi mini." Ta biyu ba ta ma zauna ba.

A hanyar gida Auta ta ce, "Yaya, don Allah ki zauna a gida. Kina kore mana mutane. In kin warke kya dawo, rumfa ba gudu za ta yi ba."

Ni kuwa duk kwana uku ina kira. Waya ɗaya ce a gidan mai kyau, tana hannun Auta.

"Ana wankewa?"

"Kullum, Baba."

"Ba ni Uwata."

Sai in ji muryarta, ƙasa-ƙasa. "Lafiya lau, Baba. Ya aiki? Kana cin abinci?"

Ban san cewa kafin a miƙa mata wayar Auta ta riga ta gaya mata magana ba. "Ki faɗa masa mana. Ya ajiye aikin ya taho a guje, kamar yadda kika saba raba shi da komai. Shekara tara yana durƙushe a gabanki, yau ya samu ya miƙe, ki sake durƙusar da shi."

Zare na farko ya iso. Na shimfiɗa shi a kan teburin aiki tare da wanda na taho da shi. Ƙulli ya hau kan ƙulli. Na yi hamdala. Na biyu ya iso, shi ma haka, ko gashi ɗaya bai ƙaru ba. Na nuna wa wani dattijo da muke yanka fata tare, ina murna.

Ya ɗaga zaren biyu ya daidaita su a haske, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan ƙafar mutum ce ko ta katako?"

"Me ka gani?"

"Kai ma ka sani. Ƙafar lafiya ma, awon safe daban, na yamma daban. Balle mai kumburi, cikin damina."

"Kulawa take samu," na ce, na karɓe zarena. Raina ma ya ɓaci. Abin da ya faɗa na san shi tun ina yaron shago, amma abin da nake so in gani shi na gani.

A gida kuwa an kwashe Uwata daga ɗakin da suke kwana da Auta, an mayar da ita sito, tsakanin buhunan gawayi da tsofaffin tukwane. Ƙawayen Auta suna zuwa kitso gida, ƙudaje kuma sun yi yawa. Mahaifiyarsu ta ce sito ya fi iska. Babu taga a siton. Matashin da take ɗora ƙafar a kai aka ce ya ɗauki wari, aka jefa shi kan rufi ya sha rana, ruwan sama ya same shi a can. Zazzaɓi na biyu ya zo, na uku ya biyo shi kafin ta murmure.

Maƙwabciya ta leƙa wata rana da azahar ta same ta ta naɗe tsumma a kan sanda tana ƙoƙarin cusa shi ƙarƙashin ninkin. Ta ce za ta nemi lambata. Uwata ta riƙe mata zane.

"Don girman Allah, Gwaggo, ki bari. Saura mako uku ya dawo."

Maƙwabciyar ta wanke mata ranar, da washegari. A rana ta uku mahaifiyarsu ta tare ta a ƙofa. "Mun gode, amma ba mu mutu ba tukuna. Kada a je ana cewa mun kasa da 'yarmu."

Na ɗinka takalmin a kan zare na uku. Fata mafi laushi na zaɓa, na yi masa shimfiɗa biyu a ciki, na ɓoye ɗinkin don kada ya goge ta. Dattijon nan ya juya shi a hannu ya ce bai taɓa ganin na yi wa wani aiki haka ba.

Da la'asar na iso gida. Tsakar gida cike da mata, Auta tana kan kujerar yayarta, wata yarinya a tsakanin ƙafafunta. Ta gan ni, matajin ya faɗi daga hannunta.

"Baba! Ba jibi ka ce ba?"

"An gama da wuri. Ina Uwata?"

Hancina ne ya kai ni.

Tana zaune a kan tabarma, ta lulluɓe ƙafar da zane. Ta rame har idanunta sun faɗa. Ta yi murmushi ta ce, "Sannu da hanya, Baba," tana ƙara jan zanen.

Na durƙusa na kwance takalmin daga takarda. "Kawo ƙafar."

"Ka huta tukuna mana."

"Kawo, Uwata."

Na yaye zanen. Fatar da na bari sumul, tana sheƙin mai, ta koma baƙa, ta yi tauri kamar ɓawon tsohuwar bishiya. Daga yatsu zuwa tsakiyar ƙwauri ƙuraje ne masu tauri, sun taru sun hau juna kamar tsakuwa. Yatsu biyu sun nutse, sai farcen kawai ake gani. Ninkin idon sawu ya zama uku, yana fitar da ruwa mai wari. Na danna da yatsa, bai lotsa ba.

Ban san abin da ya sa ba, sai da na gwada takalmin. Ko yatsun ba su shiga ba.

Na fito. Matan sun watse, har mai rabin kitso. Na ciro zare uku daga aljihuna, na je bayan ƙofa na ciro tsohon da ke ƙusa, wanda na bari a gida. Na shimfiɗa su a ƙasa a gaban Auta da mahaifiyarta.

"Wace ƙafa kika auna?"

Auta ta kau da kai daga zaren.

"Auta, da ke nake. Wace ƙafa?"

"Na ƙusa na auna," ta ce. "Na ɗora sabo a kan tsoho na ƙulla."

Mahaifiyarta ta shiga tsakani. "Malam, ka bi a hankali. Yarinya ce. Aikin gida a kanta, rumfa a kanta. Kuma ciwo na Allah ne, ko kana nan abin da zai faru sai ya faru."

"Shekara tara ina nan bai faru ba."

"To ai ka ji! Kai kaɗai ka iya, mu duka banza ne. Ka shigo gidan nan ko sannu ba ka ce mini ba, sai 'ina Uwata'. Wata uku, Malam. Ka taɓa cewa a ba ni wayar?"

Gaskiya ta faɗa, ban taɓa ba.

Auta ta miƙe. Hawaye take yi, amma muryarta ba ta rawa. Ta ɗauki sabon takalmin daga hannuna ta shafa cikinsa da yatsa.

"Ji laushi. Baba, lamba nawa nake sawa?"

"Wannan wace irin tambaya ce a yanzu?"

"Kai ne mai takalma. Mutum ya wuce ta gaban rumfarka ka faɗi lambarsa. Ni lamba nawa nake sawa?"

Na kalli ƙafarta. Silifas ne na roba, ɗaya an ɗaure shi da waya. Na yi ƙoƙarin tunawa da ranar da na taɓa riƙe ƙafar nan a hannuna, sai na tarar tun tana rarrafe.

"Ita Uwata," ta ce. "Ni kuwa 'ke, kawo ruwa', 'ke, miƙo tawul'. Ranar da na gama makaranta kana asibiti da ita. Akwai lokacin da nake roƙon Allah ya ba ni irin ƙafarta, ka san haka?"

Daga cikin sito muryar Uwata ta fito, a hankali. "Da kin faɗa mini, Auta, ai da na ba ki. Kyauta."

Na ɗauki shuɗin bahon, na zubar da kayan wankin da ke ciki a ƙasa.

Washegari na kai ta wurin nas a keken haya. Ta duba, ta ɗago ta kalle ni, kallon da har yau yake hana ni sukuni. Ta rubuta allurai, ta ce warin zai tafi, ruwan zai tsaya, tsagar za ta rufe in an dage.

"Ƙurajen fa?"

"Malam, ai na gaya maka tun farko."

Yau wata bakwai ke nan. Warin ya tafi. Na ɗinka wani takalmin, ya ci fatar da za ta isa mutum biyu. Uwata ta koma rumfa, tana sa doguwar safa da na ɗinka mata, amma mata sun riga sun ji labari. Tsofaffi biyu ne suka dawo mata. Sauran suna layi a kan Auta, Uwata kuma tana zaune a gefe tana jiran wanda ya gaji da layi.

Ban doki Auta ba, ban kore ta ba. Maganarta gaskiya ce, na yi mata rashin adalci, kuma na auna ƙafarta, lamba talatin da takwas take sawa. Na ɗinka mata takalmi mai kyau. Ta karɓa ta ce ta gode, ta ajiye a ƙarƙashin gado, ban taɓa ganinsa a ƙafarta ba. Amma ni na ɓata mata, ba yayarta ba. Ni ya kamata ta tsare da tambayar nan tun shekarun baya, ta yi mini rashin kunya in ta ga dama. Sai ta bar ni ina yawona lafiya, ta huce a kan wadda ba ta iya sunkuyawa ta wanke ƙafarta. Mahaifiyarsu har gobe cewa take ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara. Sai dai ƙaddara ba ta jiƙa wanki a bahon majinyaci, ba ta ƙulla zare a kan zare.

Ni ma ba na wanke kaina. An faɗa mini ƙafar katako nake aunawa, na yi fushi da wanda ya faɗa.

Zaren nan uku ban yar da su ba. Suna nan a ƙusar bayan ƙofa, tare da wanda na auna da hannuna ranar da na dawo. Duk wanda zai fita daga ɗakin sai ya gan su. Na gaskiyar ya fi su tsawo da faɗin yatsa huɗu. Duk wata ina aunawa, bai ragu ba.

Da safen nan ina durƙushe ina tsane ninkin, sai na ga inuwa a kaina. Auta ce, da tawul na biyu a hannu. Uwata ta dube ta, ta daɗe, sannan ta jawo zane ta rufe ƙafarta.

"Bar shi, Auta," ta ce. "Baba ya kusa gamawa."